Sauya Famfon Mai a Tsohon Jirgin Ruwa Mai Inji a Ciki: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin Damina

Mutanen Sakkwato ba su manta da watan Satumba na shekarar 2010 ba. A wannan wata ne Gulbin Rima ya cika ya batse, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka tun daga Goronyo har Wamakko, ya kuma yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duk wanda ya yi aikin agaji a lokacin ya san cewa mota ba ta da amfani inda ruwa ya raba mutane da tudu. Jirgin ruwa ne ke kai hatsi da magani, shi ne kuma ke kwaso tsofaffi da mata masu juna biyu.

Yawancin jiragen da ke ruwayenmu kwalekwale ne na sanda da filafili, sai kuma waɗanda ake rataya wa inji a baya. Amma wani lokaci ƙungiya ko wani mai hali yakan samo tsohon jirgi irin na Turai, wanda injinsa ke zaune a cikin cikinsa, don a ajiye shi saboda ranar ambaliya. Wasu kuma sukan ciro injin mota su dasa a jirgi. Irin wannan inji, in ya tsufa, abin da ya fi saurin kasawa a cikinsa shi ne famfon mai, wato na'urar da ke jawo fetur daga tanki ta kai wa inji. Wannan bayani zai nuna yadda ake gane famfon ya mutu, da yadda ake sauya shi da na lantarki ba tare da an jefa rayukan mutane cikin haɗari ba. An rubuta shi ne don kwamitocin da ke riƙe da jirgi, da matuƙa, da makanikan da ake kira su yi gyara.

Wane irin jirgi ne wannan?

Asalin waɗannan jirage na wasa ne. A shekarar 1922 wani saurayi a jihar Minnesota ta Amurka, mai suna Ralph Samuelson, ya ɗaura katako biyu a ƙafafunsa, ya riƙe igiya, jirgi ya ja shi a kan ruwa. Daga nan wasan ya bazu, har kamfanoni suka soma ƙera jirage musamman dominsa. Kamfanin Correct Craft ya fito da samfurin Ski Nautique a 1961, an kuma kafa kamfanin MasterCraft a 1968.

Ƙirarsu kusan iri ɗaya ce. Inji yana tsakiyar jirgi a cikin akwati mai murfi. Sandar ƙarfe ta fita daga injin ta huda ƙasan jirgin, farfela tana ƙarshenta. Injin kuwa na mota ne mai silinda takwas, galibi Ford mai lita 5.8 ko Chevrolet mai lita 5.7, wanda aka gyara shi don aikin ruwa. Waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 yawancinsu da kafireto suke aiki, daga baya ne aka koma masu injekta.

Sai a lura da abu biyu tun daga farko. Ba jirgin dako ba ne, mutane kaɗan aka yi shi ya ɗauka, kuma galibi akwai ɗan allo kusa da matuƙi da ke nuna adadinsu. Na biyu, farfela da abin juya jirgi suna ƙarƙashinsa, saboda haka in ruwa ya ja baya da rani, yashi na iya karya su.

Me ya sa jirgi ya bambanta da mota?

Makaniki zai iya cewa, tun da injin na mota ne, ai famfon mota ma zai yi. A nan ne babban kuskuren yake.

Idan fetur ya zuba daga injin mota, ƙasa yake ɗiga, iska ta kwashe tururinsa. Jirgi kuwa kamar ƙwarya yake: abin da ya zuba a ciki, a ciki zai zauna. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama. Gangarawa yake yi ya kwanta a gindin jirgi, daidai inda sitata da batir da wayoyi suke. Idan tururin ya kai wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar da ke cikin akwatin inji, tartsatsi guda ya isa ya tashi wuta. Kuma ba ci take yi a hankali ba, fashewa take yi. A tsakiyar gulbi babu inda za a gudu.

Saboda irin wannan asarar rayuka ne Amurka, inda aka ƙera yawancin jiragen, ta kafa ƙa'idoji tun shekarun 1970. Uku daga cikinsu sun shafi famfon mai kai tsaye:

1. Famfo mai faifan roba kada ya zubar da mai waje ko da faifan ya yage.
2. Famfon lantarki kada ya yi aiki sai lokacin da inji ke tafiya, ko lokacin da ake murza shi don ya tashi.
3. Famfon ya zauna a jikin inji, ko kada ya wuce inci 12 daga gare shi, wato kimanin santimita 30.

Waɗannan dokokin wata ƙasa ne, amma fetur ɗin Kwalkwalawa da na Amurka halinsu ɗaya. Duk bayanin da ke tafe a kan waɗannan ƙa'idoji uku aka gina shi.

Yadda tsohon famfo ke aiki, da yadda yake mutuwa

Tsohon famfon ba ya amfani da lantarki. A jikin inji aka ɗaure shi, yana da ɗan hannu na ƙarfe da ya shiga ciki. Yayin da inji ke juyawa, wani ƙusumbi a kan kamshaf yana danna hannun yana saki, hannun kuma yana motsa wani faifan roba sama da ƙasa, kamar yadda zugazugin maƙeri ke zuƙar iska yana hurawa. Akwai ƙananan ƙofofi biyu, ɗaya ta shigar mai, ɗaya ta fita, kowace hanya ɗaya take buɗewa. Kyawun wannan tsari shi ne, da zarar inji ya tsaya, famfo ma ya tsaya.

Da shekaru suka yi nisa, faifan robar yakan bushe ya tsage. A famfon mota akwai ɗan rami da man ke ɗiga ta nan zuwa ƙasa. A famfon jirgi babu wannan rami. A maimakonsa akwai siririn tiyo mai haske da ya tashi daga famfon zuwa kafireto, don man da ya tsere ya faɗa cikin inji ya ƙone. Idan aka ga fetur a cikin wannan tiyo, faifan ya yage ke nan.

Sauran alamun su ne:

- Inji yana tafiya lafiya a hankali, amma da an ba shi wuta sai ya shaƙe ya mutu.
- Sai an daɗe ana murza makulli kafin ya tashi.
- Baƙin mai yana ƙaruwa a kan ma'auni maimakon ya ragu, yana kuma warin fetur. Wannan yana nufin fetur na gangarawa cikin baƙin mai. Kada a sake tayar da injin sai an sauya famfo da baƙin man duka.

Kafin a ɗora wa famfo laifi

Sau da yawa akan kashe kuɗi a sayi sabon famfo, a ɗaura, matsala kuma tana nan daram. Dalili kuwa, duk abin da ya toshe hanyar mai yana nuna alama irin ta mataccen famfo. Saboda haka a bi hanyar mai tun daga tanki, a duba waɗannan:

*Hancin tanki.* Kowane tanki yana da ɗan bututun shan iska da ya fita gefen jirgi. A jirgin da ya yi rani a ajiye, zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a ciki. Idan inji ya mutu, aka buɗe murfin tanki aka ji iska ta shiga da ƙara, to hancin ne ya toshe.

*Rariyar da ke cikin tanki.* Bututun da ke zuƙo mai yana da 'yar rariya a bakinsa. Tsatsa da datti sukan like ta.

*Ƙofar hana kwarara.* A saman tanki, inda tiyo ya fita, akwai ɗan bawul mai ƙwallo da sifirin. Aikinsa shi ne ya hana mai tsiyayewa cikin jirgi in tiyo ya fashe. Yakan maƙale in ya yi tsatsa. A sauya shi da sabo. Wasu sukan cire shi su jefar don mai ya wuce, wannan ganganci ne.

*Tiyo.* Tsohon tiyo yakan tsage ya riƙa zuƙar iska, ko ya ruɓe ta ciki ya manne. Wanda ya yi tauri kamar ƙashi, ko ya yi laushi yana baƙanta hannu, ya gama aiki.

*Man da kansa.* A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye na 'yan mintoci. Idan akwai ruwa zai kwanta a ƙasa a gan shi sarai. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 fetur ya yi tsada, mutane da yawa suna ajiye shi a jarkoki ko su saya a hannun 'yan bumburutu, inda ruwa da ƙura ke samun hanyar shiga. Za a kuma tuna watan Fabrairu na 2022, lokacin da hukumomi suka bayyana cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Metanol, da ɗan'uwansa etanol da ake haɗawa da fetur a ƙasashe da dama, suna jawo ruwa, suna kuma cin tsohuwar roba da ba a yi ta dominsu ba.

*Zafi.* A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. A cikin rufaffen akwatin inji ya fi haka nesa. Fetur yakan tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Alamarsa ita ce inji ya ƙi tashi bayan an kashe shi da zafi, amma in ya huce ya tashi lafiya.

Bayan an duba duk waɗannan, sai makaniki ya sa geji tsakanin famfo da kafireto ya auna ƙarfin turin mai. Injin kafireto yana son awo 4 zuwa 7 a ma'aunin PSI. Idan ya gaza haka alhali hanya a buɗe take, to famfo ne.

Wane famfo za a saya?

Shawara ta farko: idan ana samun famfo irin na asali, wanda aka yi don jirgi, a mayar da shi. Shi ya fi sauƙi, ba ya bukatar waya ko ɗaya, kuma yana tsayawa da kansa. Ana komawa na lantarki ne idan an rasa na asali, ko ƙusumbin da ke danna hannun famfo ya cinye, ko an sauya injin da wani sabon samfuri wanda ba a bar masa gurbin famfo a jikinsa ba.

Idan dole sai na lantarki, a tabbatar da abubuwa uku.

Na ɗaya, ƙarfin turi. Famfunan da suka fi yawa a kasuwar kayan mota na motoci masu injekta ne, waɗanda ke turi da awo 40 ko fiye. Kafireto yana da 'yar allura da ke rufe ƙofa in kwanonsa ya cika. Turin da ya kai haka zai banƙare allurar, fetur ya malalo a kan inji mai zafi. Sai a nemi famfon da aka rubuta masa awo 4 zuwa 7. Jirgin da injinsa mai injekta ne kuwa, kada a yi masa kwaskwarima, a nemo famfon da ya dace da lambar injinsa.

Na biyu, yawan man da yake kawowa. Inji mai ƙarfin doki 240, in an ba shi wuta gaba ɗaya, yana shan kimanin lita 75 zuwa 80 a awa guda. Ƙaramin famfo irin na janareta ba zai ƙosar da shi ba. Zai yi lafiya a bakin gaɓa, sai an shiga tsakiyar igiyar ruwa, inda ake bukatar ƙarfi, ya kasa.

Na uku, kariya daga tartsatsi. Famfon jirgi a rufe yake ruf, yadda tartsatsin da ke cikinsa ba zai haɗu da iskar waje ba. A duba jikinsa ko kwalinsa, za a ga lamba SAE J1171 ko ISO 8846. Idan babu ɗaya daga cikinsu, a bar wa mai shago kayansa. Ya fi na mota tsada, wataƙila kuma sai an aika Legas ko Fatakwal, inda masu kayan jiragen ruwa suke. Amma araha ba ta ado.

Tare da famfon za a bukaci:

- matatar mai mai raba ruwa da fetur, mai lamba 10 a ma'aunin maikiron, da wata ta ajiya;
- tiyon mai na jirgi, wanda aka buga wa A1 a jikinsa, domin yana jure wuta na ɗan lokaci;
- kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa;
- faranti da gaskit na toshe gurbin tsohon famfo;
- fis, da rile wanda shi ma aka yi don jirgi;
- makunnin baƙin mai mai baki uku, wanda za a yi bayaninsa a ƙasa.

Yadda ake aikin

A yi aikin a kan tudu, a fili, da safe kafin rana ta yi zafi. A nisantar da yara. Kada a sha taba, kada a kunna fitilar aci-balbal ko janareta a kusa. A ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai.

1. A cire kan batir, a fara da baƙar waya.
2. A rufe mai daga tanki. A tara man da ke cikin tiyo a gwangwani, a fitar da shi daga jirgi nan take, tare da tsummokaran da aka goge da su.
3. A kwance tsohon famfo a cire shi gaba ɗaya, a toshe gurbinsa da faranti da gaskit. A toshe bakin siririn tiyon nan a jikin kafireto. Kada a bar tsohon famfo a kan hanya a ƙara masa na lantarki a baya: in faifansa ya yage, sabon zai riƙa ɗura fetur cikin baƙin mai.
4. A ɗaure matata a tsaye tsakanin tanki da famfo, inda hannu zai kai gare ta ba wahala. Mai ya fara bi ta matata kafin ya shiga famfo.
5. A ɗaure famfo a jikin inji ko kusa da shi, kada ya wuce santimita 30. Famfon lantarki ya fi iya turi a kan zuƙa, don haka a sa shi ƙasa-ƙasa, amma sama da inda ruwan cikin jirgi ke kaiwa, kuma nesa da bututun hayaƙi. A duba kibiyar da ke jikinsa, ita ke nuna inda mai zai nufa.
6. Daga famfo zuwa kafireto a yi amfani da bututun ƙarfe ko tiyo mai A1. Farin tiyon ruwa irin na ban-ruwan fadama ba ya wannan aiki, fetur zai busar da shi ya fashe. A ɗaure kowane baki da kilif, biyu sun fi ɗaya in akwai wuri. Kada a ɗaure da waya ko robar taya.
7. Kada a naɗa farin tef irin na masu gyaran famfon ruwa a kan zaren mahaɗi. Gutsurensa yakan shiga ya toshe allurar kafireto. A yi amfani da man liƙi da aka yi don fetur.
8. A ɗaure tiyo da wayoyi a jikin jirgi yadda ba za su riƙa gogar ƙarfe ko bel ba.

Haɗin waya: wurin da ba a sakaci

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko wuta daga makulli a kai wa famfo, da an murɗa makulli ya fara aiki. Ita ce kuma hanyar da ta fi kisa. A ɗauka tiyo ya fashe ana cikin tafiya. Inji zai mutu don mai ya daina isa gare shi. Matuƙi yana fama da igiyar ruwa da kururuwar fasinja, bai tuna ya kashe makulli ba. Famfo kuwa yana nan yana aiki, yana zuba fiye da lita guda a cikin jirgi kowane minti. Sai matuƙi ya murza sitata don ya sake tayar da inji.

Maganin wannan shi ne makunnin baƙin mai. Ɗan ƙaramin abu ne da ake ɗaurawa a jikin inji, a mahaɗa ɗaya da na'urar da ke aika wa gejin baƙin mai saƙo. Yana da baki uku: ɗaya yana zuwa wayar makulli, ɗaya wayar sitata, na uku kuma yana zuwa rile mai kunna famfo. Lokacin da ake murza inji, wuta tana zuwa ta wayar sitata, famfo ya yi aiki. Da inji ya tashi, turin baƙin mai ya hau, makunnin ya juya ya ɗauki wuta daga makulli. Da inji ya mutu, turin baƙin mai ya faɗi, famfo ya tsaya ko da makulli na kunne. Ƙarin amfaninsa shi ne, in baƙin mai ya ƙare ana cikin tafiya, zai yanke fetur, inji ya tsaya bayan ɗan lokaci.

Babbar wayar famfo ta taso daga batir, ta bi ta fis kusa da batir ɗin, ta bi ta rile, sannan ta isa famfo. Girman fis shi ne wanda takardar famfon ta faɗa. In fis ya ƙone a nemi dalili, kada a maye gurbinsa da zaren waya. Haka kuma a tuna jikin jirgi na katako ko na roba ba ya ɗaukar wuta kamar bodin mota, saboda haka dole a ja baƙar waya daga famfo zuwa jikin inji. Kowane mahaɗi a matse shi da kan waya na ƙarfe a rufe. Murɗa waya biyu a naɗe da tef ba ya daɗewa inda akwai danshi da girgiza, kuma daga irin wannan mahaɗi ne tartsatsi ke fita.

Gwaji kafin a ɗauki kowa

A mayar da batir. A murɗa makulli zuwa kunne, amma kada a tayar da inji. A kasa kunne. Famfo ya kamata ya yi shiru. Idan aka ji yana gurnani, haɗin bai yi daidai ba, kada a karɓi aikin. Wannan gwaji kowane ɗan kwamiti zai iya yinsa, ba sai makaniki ba.

Kada a tayar da injin a kan tudu ba tare da an ba shi ruwa ba. Da ruwan gulbi yake hucewa, kuma robar da ke zuƙo ruwan tana ƙonewa nan da nan in ta juya a bushe. A sa jirgin a ruwa a bakin gaɓa, a ɗaure, murfin inji a buɗe. A tayar, a duba geji ya nuna 4 zuwa 7. A bi kowane mahaɗi da farar takarda ko busasshen yatsa. Ko danshi kaɗan aka gani, a kashe a gyara. Daga nan a yi kamar rabin awa ana zagaye kusa da gaɓa, mutum biyu kawai, sanye da rigar ruwa, ana ba shi wuta ana ragewa. A sake dubawa bayan an dawo, a kuma sake matse kilif bayan mako guda.

Daga ranar, ga al'adar da matuƙi zai riƙe kafin kowane tashi, musamman bayan an zuba mai: ya buɗe murfin inji, ya sunkuya ya shinshina. Idan jirgin yana da fankar da ke zuƙe iskar akwatin inji, ya kunna ta minti huɗu kafin ya taɓa makulli. Idan ya ji warin fetur, babu tafiya.

Masu injin rataye fa?

'Yan fito da masunta da ke amfani da injin baya, irin su Yamaha, su ma suna da famfon mai, ɗan ƙarami mai faifan roba, wanda numfashin injin ke motsa shi. In ya gaji, alamarsa ita ce inji yana mutuwa sai an riƙa matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo. Gyaransa sauya faifan ne kawai, ba ya bukatar famfon lantarki. Kafin a kwance komai a duba ɗan noti da ke kan murfin tanki, wanda ake sassautawa don iska ta shiga. Maganar tsabtar mai da lafiyar tiyo kuwa ta shafe su daidai da kowa.

Nauyin da ke kan kwamiti

Yankinmu ya sha makokin ruwa. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi ya nutse a kogin Kwara da mutum sama da ɗari. A watan Afrilu na 2022 mutum 29 suka rasu a ƙaramar hukumar Shagari. A watan Agusta na 2025 wani jirgin ya kife da masu zuwa kasuwar Goronyo. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ta daɗe tana gargaɗi a kan lodi fiye da ƙima, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Sabon famfo ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake yi shi ne ya rufe ƙofa biyu: mutuwar inji a tsakiyar ruwa, da gobara. Jirgin ceto da injinsa ya mutu ya zama shi ma abin ceto.

Saboda haka kwamitin da ke riƙe da jirgi ya kula da waɗannan:

- A gama duk gyara a watan Afrilu ko Mayu. Gulbi yakan cika a Agusta da Satumba, lokacin kuwa ba a jiran kaya daga Legas.
- A tayar da injin aƙalla sau ɗaya a wata. Zama ya fi aiki kashe roba.
- Man da ya yi watanni a tanki a zuƙe shi a zuba sabo. A tace mai kafin a zuba.
- A rubuta ranar da aka sa matata a jikinta, a sauya ta kowace shekara.
- A ajiye littafi: ranar gyara, abin da aka sauya, lambar famfo, da zanen yadda aka haɗa waya, don makanikin da zai zo daga baya.
- A cikin jirgi kullum a samu matata ta ajiya, fis, filafili biyu, anka da igiya, abin kwarfe ruwa, tukunyar kashe gobara, da rigar ruwa ga kowane mutum.
- A ware ɗan kuɗi kowane wata don gyara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Idan ruwa ya yanke hanyar ƙauyenmu a daminar bana, jirgin wa za mu kira, kuma yaushe aka duba injinsa?
2. Wa ke da ikon cewa babu tafiya idan an ji warin fetur ko lodi ya yi yawa? Shin fasinja za su saurare shi?
3. Akwai makaniki a kusa da mu da ya san bambancin kayan jirgi da na mota? In babu, wa za mu tura ya koyo?
4. Ina muke sayen mai, kuma yaya muke ajiye shi?